Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Daraktocin Darussan Bai-ɗaya Na Jami'o'inmu: A Kai Darasin Rubutu Cikin Unguwa

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni malami ne a ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa, ina koyar da darasin Turanci na 'yan aji ɗaya, wannan da wasu makarantu ke kira GST, wasu GSP, wasu GENS, wanda kowane ɗalibi sai ya bi ta kansa, ko likita zai zama ko injiniya ko lauya. Na rubuto muku a bainar jama'a ne saboda maganar ta fi ƙarfin ofis ɗaya, kuma na san malamai da yawa abin yana ci musu tuwo a ƙwarya kamar yadda yake ci mini.

Kun san yadda muke yi. A tara ɗaruruwan yara a babban zaure, malam yana can gaba da lasifika, na baya ko allon ba sa hange. A faɗa musu sassan wasiƙa, a faɗa musu yadda ake gina sakin layi, su kwafe. Ƙarshen zango a zaunar da su gaban kwamfuta a yi jarrabawar canki-canka. Yaro yana iya cin darasin rubutu da maki mai kyau bai taɓa rubuta shafi ɗaya da wani ya karanta ya ce masa gyara nan ba. In ma an ba da aikin gida, taken ba ya wuce ranar da ba zan manta da ita ba, ko illar shaye-shaye ga matasa. Da can daga intanet suke kwasowa, yanzu kuwa manhajar waya ce ke rubuta musu cikin ƙiftawar ido. Ban ga laifinsu sosai ba. Yaron ya san takardar nan ba mai buƙatarta, ba wanda zai yi wani abu saboda ya karanta ta, kuma daga hannun malam sai kwali, daga kwali sai mai ƙosai. Wa zai zuba ransa a aikin da ya san makomarsa ke nan?

Alhali a bayan katangar kowace jami'a akwai unguwa, kuma unguwar nan tana da ƙishin rubutu. Manyanmu suna tuna masu rubuta wasiƙa da ke zama da ɗan teburinsu a ƙofar gidan waya da ƙofar kotu. Yau shagon kwamfuta ne ya gaje su, kuma da kuɗi ake shiga. Ƙungiyar mata masu adashi tana son buɗe asusu a banki, an ce su kawo tsarin mulkin ƙungiya a rubuce. Ƙungiyar iyaye da malamai ta firamare tana taro, ba mai ɗaukar bayanin abin da aka zartar, wata uku sai a hau musu. Masu gyaran babur suna son neman fili. Islamiyya tana son sanarwa ga iyaye. Masu koyon rubutu suna gefe guda ba su da abin rubutawa, masu buƙatar rubutu suna ɗaya gefen ba su da mai rubuta musu, katanga kawai ta raba su.

Shekaru kaɗan da suka wuce na gwada wani abu da rukuni ɗaya cikin ɗalibaina. Akwai unguwar da ke maƙwabtaka da mu, rijiyar burtsatsensu ta tsaya tun kafin azumi, yara suna ta jigilar jarka, 'yan garuwa sun ƙara kuɗi. Na je na gai da mai unguwa, na nemi izinin yarana su rubuta musu takardar koke zuwa ƙaramar hukuma. Ya ce bismilla. Bayan mako guda suka dawo da shafi biyu cike da dogon Turanci, sun faro daga muhimmancin ruwa ga rayuwar ɗan Adam. Muka zauna a zauren mai unguwa bayan la'asar, shugaban rukunin, wani yaro mai karatun injiniya, ya karanta yana fassarawa. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Amma ai ciyaman ya san ruwa yana da amfani. Gaya masa wace rijiya ce, yaushe ta tsaya, me ya lalace a cikinta, mu kuma nawa muka tara." Yaron ya dubi 'yan uwansa. Cikin tambayoyin nan huɗu ba su da amsar ko ɗaya.

Washegari suka koma. Suka nemo mai gyaran da ya taɓa buɗe rijiyar, ya ce injin da ke can ƙasa ne ya ƙone, wanda suke kira sumo, ya faɗa musu kuɗin sabo da kuɗin aiki. Suka zaga suka ƙirga gidajen da ke ɗiban ruwa a wurin. Suka gano cewa takardar da aka miƙa wa mai gadi a ƙofar sakatariya ɓacewa take yi, don haka sai a bi ta hannun kansila, a kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da ita. Sau huɗu suna sake rubutun, kuma ba ni na ce su sake ba. Na ƙarshe bai cika shafi ɗaya ba. A ranar da za su buga, yaron nan ya tare ni a hanya da takardar a hannu, ya nuna mini wani wuri da yatsa ya ce, "Malam, a nan waƙafi ya dace ko aya? Ina tsoron kada su karanta kamar kuɗin da aka tara shi ne kuɗin da ake nema." Shekara da shekaru ina koyar da alamomin rubutu, ranar ce ta farko da ɗalibi ya biyo ni da tambaya a kansu ba don jarrabawa ba.

'Yan matan rukunin kuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwar suka je. Ma'aikaciyar jinya ta roƙe su su rubuta 'yar takarda da Hausa kan yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake ba yaro mai gudawa. Suka rubuta cewa a narkar da ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a zubar da abin da ya rage bayan awa 24. Daidai ne, haka ƙa'idar take. Da suka karanta wa matan da ke zaune a benci ranar awo, wata tsohuwa da ta kawo jikanta ta ce, "'Yata, lita kuma nawa ce? Mu da moɗa muke awo, moɗar kowa kuma da girmanta." Suka koma wurin ma'aikaciyar jinyar, aka daidaita a kan ledar fiya-wata guda biyu, irin mai rabin lita. Awa 24 kuma ta koma: in kin haɗa da asuba, kada ya wuce asubar gobe. Abin da muke wahalar bayani a aji da sunan sanin mai karatu, tsohuwar nan ta koyar da shi da tambaya ɗaya.

Ranku ya daɗe, wannan hanya ba ni na ƙago ta ba. A Amurka an daɗe ana tafiya a kanta. A 1985 shugabannin jami'o'in Brown da Georgetown da Stanford suna cikin waɗanda suka kafa ƙawancen Campus Compact don jawo ɗalibai ga yi wa al'umma hidima, daga nan malaman rubutu suka shiga haɗa hidimar da darasinsu. A Pittsburgh, Linda Flower ta Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinta sun riƙa haɗa ɗaliban jami'a da matasan unguwa su yi rubutu tare kan matsalolin da matasan ke fama da su, a ƙarshe a tara jama'a a karanta a tattauna. A shekarar 2000 wani malami, Thomas Deans, ya kasa irin wannan aiki gida uku: akwai rubuta wa al'umma abin da take buƙata, akwai rubutu a kan al'umma bayan an yi mata hidima, akwai kuma rubutu tare da ita. Takardar rijiya tana gida na farko. Takardar asibiti ta fara a gida na farko, ta ƙare a na uku, domin matan bencin nan sun sa hannu a cikinta ko da ba su riƙe biro ba.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. A Tamale ta ƙasar Ghana, jami'ar nazarin ci gaba da aka kafa a 1992 ta ware zango na uku na shekara don ɗalibai su je su zauna a ƙauyuka na tsawon makonni, su bincika halin da garin ke ciki, su rubuta rahoto, kuma ana ba su maki a kai. A Zariya, ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna shiga Samaru su ji damuwar mutane daga bakinsu, su mayar da ita wasa, su dawo su nuna wa masu ita. A Kano, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, har UNESCO ta karrama ta a 1983. Kafin su duka akwai Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, lokacin da wanda ya iya karatu yake jin nauyi ne a kansa ya koya wa maƙwabcinsa. Muna da gadon abin. Sai dai mun bar hidimar ƙasa, wadda aka fara a 1973, ta zama ita ce karon farko da mafi yawan ɗalibanmu ke fuskantar jama'a da iliminsu, bayan sun bar hannunmu, lokacin da ba sauran malamin da zai duba musu rubutu.

Dole in faɗa muku inda abin yake da haɗari, domin na taɓa ƙonewa. A zango na biyu da na yi gwajin, na bar wani rukuni su yi rubutu a kan wata makarantar allo, ban shimfiɗa musu iyaka ba. Suka je sau ɗaya, suka ɗauki hotunan yara suna bara, ɗaya daga cikinsu ya sa a Facebook da dogon bayani na tausayi, har da sunan unguwar. Ba wanda ya tambayi malamin makarantar. Da labarin ya iso masa ya aiko a kira ni. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, na buɗe muku ƙofa don an ce ɗalibai ne masu neman sani. Ashe kallo aka zo yi." Na ba shi haƙuri, aka goge rubutun, amma bai sake karɓar ɗalibaina ba, kuma yana da gaskiya. Har yau in na wuce ta layin ina jin nauyin abin. Laifin nawa ne, domin na tura yara 'yan shekara goma sha takwas cikin rayuwar mutane ban fara koya musu amana ba.

Daga baya na ga cewa wani malami a Amurka, Bruce Herzberg na kwalejin Bentley, ya yi gargaɗi makamancin wannan tun 1994. Ɗalibansa suna koyar da manya karatu a wani gidan marasa matsuguni a Boston, sai ya lura cewa hidimar ita kaɗai ba ta sa su tambayi dalili. Suna dawowa da tausayi, amma suna ɗaukar talaucin mutum da rashin karatunsa a matsayin sakacinsa ko rashin sa'arsa, ba sa duban yadda makarantu da tsarin tattalin arziki suka rarraba mutane. Sai da ya haɗa musu da karatu da muhawara a aji. Haka yake a wurinmu. Yaron da ya ƙirga gidajen da ba ruwa ya kamata a zaunar da shi a aji a tambaye shi: wa ya haƙa rijiyar, wa aka ɗora wa gyaranta, me ya sa ba a ware kuɗin gyara tun farko ba? In ba a yi haka ba, zai fita da tunanin shi mai ceto ne, mutanen unguwa kuma abin tausayi. Irin wannan ɗalibi gara bai je ba.

Abin da nake roƙo bai buƙaci a rushe manhaja ba. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wadda ake kira CCMAS, ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A cikinta, darasin GST 111, wato Turancin 'yan aji ɗaya, an ba shi awa 15 na lacca da awa 45 na aiki a aikace. Ina awa 45 ɗin nan take tafiya a jami'o'inmu? Ku ne za ku iya kai takarda gaban majalisar jami'a a amince cewa wani ɓangare nata a yi shi a unguwa, a kuma ɗora makin gwajin cikin zango a kansa. Ina jaddada maganar maki, domin duk abin da aka ce na sa-kai ne, ɗalibin da ke da darussa tara a wuya zai ajiye shi gefe, kuma ba za a zarge shi ba. Makin kuma a ba da shi a kan rubutun: daftarin farko, gyaran da mai buƙata ya yi, daftarin ƙarshe, da shafi ɗaya da kowane ɗalibi zai rubuta shi kaɗai kan abin da ya canza da dalilin canzawa. Kada a ba da maki don hoto da tsintsiya a hannu. Share kwata aikin lada ne, amma ba ya koya wa kowa rubutu.

Na san abin da za ku fara cewa: yawan ɗalibai. Gaskiya ne, malami ɗaya ba zai karanta daftari huɗu na mutum ɗari biyar ba. Amma in an kasa su goma-goma, takarda hamsin ce, mafi yawansu shafi ɗaya. Ɗaliban digiri na biyu a sassan Turanci da harsunan Nijeriya da aikin jarida za su iya riƙe rukunoni in an ba su ɗan alawus, su ma koyon koyarwa suke yi. Kuma ba dole a fara da kowa ba. A ɗauki tsangaya ɗaya a gwada zango biyu, a ga abin da ya tsaya da abin da ya zube.

Sai tsaro, wanda ba wanda zai yi wasa da shi a halin da muke ciki. Ban ce a tura 'ya'yan mutane ƙauyukan da ba a san hanyarsu ba. Unguwannin da ke jikin katanga sun isa, inda ɗaliban da yawa ma can suke haya, can suke sayen shayi da burodi. A je da rana, a je a rukuni, a shiga ta hannun mai unguwa da sanin hakimi. 'Yan mata su yi aiki da ƙungiyoyin mata da asibiti da Islamiyya, su ne ma za su iya shiga gidajen da namiji ba zai wuce zaure ba. Aikin kuma ya zama ƙarami da zai ƙare cikin makonni kaɗan. Mun ga yadda yajin aikin 2022 ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas; in an ɗauko babban aiki aka bar shi a tsakiya, mutanen da aka yi wa alkawari ne za su zauna jira.

Akwai maganar harshe, kuma a nan na san wasu abokan aikina ba za su yarda da ni ba. Za su ce darasin Turanci ne, me ya kawo Hausa? Takardar da za ta je sakatariya ko banki a yi ta da Turanci, wannan ba musu. Amma sanarwar da iyaye mata za su karanta, in an yi ta da Turanci an rubuta wa bango ne. Wani wurin ma sai da ajami, wani wurin da Fulatanci ko Kanuri, a Sabon Gari kuwa wataƙila Turancin ne ya fi haɗa mutane. Zaɓen harshen da zai isa ga mai karatu yana cikin gwanintar da muke cewa muna koyarwa. Na kuma lura cewa ɗalibin da ya yi fama ya mayar da jimlarsa ta Turanci zuwa Hausar da tsohuwa za ta gane, yakan dawo ya gyara Turancin, domin a wurin fassarar ne yake gano cewa shi kansa bai san abin da yake nufi ba. Ɗalibin da ba ya jin Hausa a haɗa shi da mai ji. Na ga yarinya daga Kudu da ta fi kowa iya tsara takardar banki, abokiyar aikinta Bakatsiniya tana yi mata tafinta, kowacce ta ƙaru da 'yar uwarta.

Abu ɗaya kuma da nake roƙon ku rubuta shi a ƙa'ida tun kafin a fara, saboda abin da ya same ni: takardar ta masu ita ce. Su za su ce a rubuta, su za su ce ta yi, su za su sa hannu, kwafin asali a hannunsu zai zauna. Ba hoto, ba suna, ba sakawa a intanet sai da izininsu a fili. Wanda ya ce ba ya so, a yi masa godiya a wuce. Kuma a sami ma'aikaci ɗaya a ofishinku da zai riƙe littafin unguwanni da ƙungiyoyin da ake hulɗa da su, don kada kowace shekara sabbin yara su je su yi wa dattijo ɗaya tambayoyin da aka yi masa bara, ba abin da ya biyo baya. Mutane suna gajiya da a mayar da su abin nazari.

Ba zan ɓoye muku ba, takardar rijiyar nan ba ta kawo sabon inji a zangon ba. Kansila ya karɓa, an buga hatimi, aka yi shiru. Amma kwafin yana nan a hannun mai unguwa cikin wata leda, kuma da shi ya tsaya gaban sabon ciyaman ya nuna ranar da aka fara kai kuka. Kwanan baya ya aiko mini da saƙo ta hannun jikansa, yana tambaya ko bana ma akwai yara, domin gadar da 'yan firamare ke bi ta fara zaftarewa kuma damina ta kusa. Na ce masa sai na ji daga sama, tunda yanzu an mayar da makin gwajin duka kan kwamfuta, ba ni da abin da zan ba ɗaliban in na tura su. Amsarku nake jira in kai masa.

Wassalam.

Naku,
Malamin darasin Turanci na 'yan aji ɗaya